Abin Da Ya Sa Mota Take Shan Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau da bazara ba zai rasa ganin babbar mota tsaye a gefen titi wajen dutsen Kwatarkwashi ba, tana fid da tururi, yaron mota kuwa ya tafi neman ruwa. To, ina ruwan mota da ruwa?

A cikin inji wuta ce take ci. Mai yana ƙonewa a ciki, ƙarfin ƙunar shi ke juya ƙafafu. Amma wutar nan tana da zafi ƙwarai, in ba a rage shi ba ƙarfe zai kumbura, inji ya cije.

Saboda haka maƙera inji suka bar hanyoyi a jikinsa, ruwa yana bi yana kwasar zafi. Wani ɗan famfo ke tura ruwan. In ya yi zafi sai ya bi ta tiyo zuwa lagireto, watau tukunyar ruwa da ke gaban mota. Lagireto cike yake da siraran bututu masu yawa. Ruwa yana ratsa su, iska tana bugunsu, fanka kuma tana jawo wata iskar. Kamar dai yadda mai shayi a tashar Bungudu yake juye shayi daga kofi zuwa kofi don ya sha iska. Da ruwan ya huce sai ya koma cikin inji, ya sake ɗauko wani zafin. Haka yake ta kewayawa muddin inji yana aiki.

Ruwa yakan tafasa in zafinsa ya kai awo 100. Amma murfin lagireto yana matse shi, don haka yakan wuce wannan awo bai tafasa ba. A nan haɗari yake. In aka buɗe murfin inji yana da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. Sai a jira inji ya huce tukuna. Ba a kuma kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, domin ƙarfen yana iya tsagewa.

Direba mai hankali yakan duba ruwa kowace safiya kafin ya ta da mota. Yakan duba fambel, ya share ƙurar hunturu da ɓurɓushin auduga daga fuskar lagireto. Ba ya zuba ruwan kududdufi, gama laka tana toshe bututu. Yakan zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin da ke hana tsatsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin fanka?
2. Don me ba a buɗe murfin lagireto in inji yana da zafi?
3. Wane irin ruwa ya kamata a zuba wa mota?