Biza, Igama da Na Goro: Abin da Ya Kamata Mai Shirin Fita Neman Kuɗi Ya Sani

Da zarar an gama girbi a ƙasar Rano da Kibiya, sai zancen tafiya ya tashi. Wasu ci-rani za su, Legas ko Fatakwal, su dawo kafin ruwan shuka. Wasu kuwa sun hango nesa: Saudiyya, Libiya, Aljeriya ko Ghana. Daga Rurum zuwa Tarai, da wuya a yi hira a majalisa ba a ambaci wani da ya haye ba, ko wani ejan da ya ce yana da hanya.

Fita ba baƙon abu ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu da ƙafa suka riƙa ratsa Borno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, suna yada zango su yi noma, su samu guzuri su ƙara gaba. Garin Maiwurno na Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Abin da ya sauya shi ne takarda. A yau, takardar da mutum ya shiga ƙasa da ita ce take yanke irin zaman da zai yi, kuma duk wanda takardarsa ta samu tangarɗa, shi ne abincin azzalumin jami'i.

Takardu uku, kowace da aikinta

Fasfo shaida ce ta ƙasarka, cewa kai ɗan Nijeriya ne. Hukumar Shige da Fice ce take bayarwa, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa. Daga watan Satumba na 2025, kuɗinsa a cikin gida naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, naira 200,000 kuma mai shafi 64 na shekara goma. Ta intanet ake biya, sannan mutum ya je ofis, kamar na Farm Centre a Kano, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk abin da ɗan tsakiya ya ɗora a kai, aljihunsa zai shiga.

Biza izinin shiga ce daga ƙasar da za a je, kuma iri-iri ce: ta Hajji, ta Umara, ta ziyara, ta yawon buɗe ido, ta aiki. Wata ba ta tsayawa a madadin wata. A watan Nuwamba na 2023, wani jirgi ya tashi da fasinjoji 264 ta Kano zuwa Jidda, aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Hukumomin Saudiyya sun ce bayanan da aka nemi bizar da su ba su dace da nau'inta ba. Ko mutum yana da biza a hannu, jami'in bakin iyaka yana da ikon ya ce a'a.

Ta uku ita ce izinin zama da aiki, wadda a Saudiyya ake kira igama. Ita ce take ba mutum damar ya yi aiki, ya kama haya, ya buɗe asusun banki, ya kai ƙara. Ana fitar da ita ne bayan an shiga da bizar aiki, cikin kwana 90.

Yadda zama ƙarƙashin kafili yake

A Saudiyya da maƙwabtanta, zaman ma'aikaci a ɗaure yake da wanda ya ɗauko shi, wato kafili, ko mutum ne ko kamfani. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora wa kafili kuɗin ɗauko ma'aikaci, da kuɗin igama da sabunta ta, da tikitin komawa gida bayan kwantiragi ya ƙare. Ta kuma hana shi riƙe fasfon ma'aikaci. Da yawa ba su san haka ba, sai a riƙa zaftare musu albashi da sunan kuɗin igama, su yi shiru.

Makamin da kafili ya fi razana mutane da shi shi ne hurub, wato ya shigar da rahoton cewa ma'aikacinsa ya gudu. Wannan rahoto yana iya mayar da mai igama abin nema. A watan Maris na 2021 an sassauta tsarin: ma'aikacin kamfani zai iya sauya wurin aiki bayan shekara guda, ya kuma nemi izinin fita ƙasar ba sai kafili ya sa hannu ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, ma'aikatan gona da makiyaya ba, kuma waɗannan su ne ayyukan da aka fi kai mutanenmu.

Akwai kuma abin da ejan suke tallatawa da sunan firi biza: wani ya sayar maka da kafalarsa, ka je ka nemi aikin da kake so, kana biyansa duk wata ko duk shekara. Babu irin wannan biza a dokar ƙasar. Yin aiki a wurin wanda ba kafilinka ba laifi ne. Ranar da kuka saɓa da mai kafalar, ko ya ƙi sabunta igama, ba ka da bakin kai ƙara, domin kai ma a kan laifi kake.

Wanda ya shiga da Umara ya maƙale

Wannan ita ce tsohuwar hanyar takari. Bizar Umara ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta halatta aiki. Wanda ya wuce wa'adi yana iya fuskantar tara har riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a koro shi. Wanda ya taimaka aka shigo da mutum ta ɓarauniyar hanya, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ba shi mafaka, hukuncinsa yana kaiwa shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. A Hajjin 2025, tarar yin aikin Hajji ba da izini ba ta kai riyal 20,000.

A da, wanda aka koro yakan sake suna, ya sake fasfo, ya koma. Yanzu zanen yatsu ya toshe wannan ƙofa. Wanda aka kama a Makka ko Jidda, yawanci sansanin korar baƙi (tarhil) na Shumaisi ake kai shi, ya jira takardar tafiya, sannan a sa shi a jirgi da kayan jikinsa, a hana shi dawowa na tsawon shekaru. An yi afuwa a 2013 da 2017, aka ba marasa takarda dama su fita ba tara, amma ba a gina rayuwa a kan jiran afuwa.

Babban nauyin kuma a kan 'ya'ya yake faɗawa. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Yaron da iyayensa ba su da igama yakan tashi ba shaidar haihuwa, makaranta da asibiti su yi masa wuya, wata rana kuma a sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Ta ina cin hanci yake shigowa?

Tun daga gida yake farawa: ɗan tsakiya a bakin ofishin fasfo, mai cewa zai gyara shekarun haihuwa, mai cewa yana da mutum a filin jirgi. Haɗarin ya wuce asarar kuɗi. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba a Madina bisa zargin shigo da ƙwaya. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. Sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya yake kaiwa ga kisa. Saboda haka matafiyi ya ƙirga jakunkunansa, ya adana shaidar awon kaya, kada kuma ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba.

A can waje, na goro kala biyu ne. Akwai wanda jami'i yake karɓa ya kawar da kai: wannan sa'a guda yake saya, gobe wani ne zai tare ka, shi ma ka ba shi. Akwai kuma wanda dillali yake karɓa da alƙawarin zai goge hurub ko ya fitar da igama ta bayan fage. Bayanan zama yanzu duk a kwamfuta suke, a manhajojin gwamnatin Saudiyya irin su Absher da Qiwa, kuma katin jabu ba ya bayyana a cikinsu. Sannan dokar Saudiyya ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa da ɗan tsakiya a hukunci ɗaya, wanda yake kaiwa ɗaurin shekara goma. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, Nazaha, tana karɓar ƙorafi ta lamba 980.

A hanyar Sahara abin ya fi muni. Daga Agadez zuwa Sabha, shingaye ne a jere, kowane da farashinsa. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha bayyana yadda ake tsare baƙi a Libiya, a sa su kira gida a turo kuɗin fansa. Aljeriya kuwa takan kwashe baƙi ta zube su a hamada, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka ta Nijar. Libiya da Aljeriya duk sai da biza, don haka wanda ya shiga ta daji ba shi da wurin kai kuka.

Maƙwabta fa?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Wanda ya cika wannan sharaɗi, babu kuɗin wucewa a kansa. In an nemi wani abu, ya tambayi rasit cikin ladabi. Bayan kwana 90 sai an nemi izinin zama. A Ghana, doka ta keɓe ƙananan harkokin saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, abin da ya sha jawo rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Accra. Tsofaffin zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su fice. Nijar, Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a watan Janairu na 2025, don haka mai zuwa can ya tambayi halin da iyaka take ciki kafin ya hau mota.

Kafin a sayar da gona

Hausawa suka ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Kafin a jinginar da gona ko a sayar da shanun huɗa, a samu amsar waɗannan tambayoyi:

Wace irin biza ce? A ba wanda ya iya Larabci ko Turanci ya karanta. In an ce ka shiga da ta ziyara, a can za a juya ta, to a tsaya nan.

Ejan ɗin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na kai ma'aikata waje? In Umara ce, kamfanin yana cikin waɗanda Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta amince da su?

Ina kwantiragi a rubuce, mai sunan kafili, da irin aiki, da albashi, da tsawon wa'adi? 'Yan aikin gida a Saudiyya, ta manhajar Musaned ake rajistar kwantiraginsu.

An ce ba sai ka biya ba, in ka je ka biya da aiki? Bashin da ba a faɗi adadinsa ba, shi ne igiyar masu safarar mutane, kuma mata da zawarawa aka fi ɗaurewa da ita. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishi a Kano domin irin wannan.

Kuɗi kuma ta banki a biya, a gaban shaidu, a bar kwafin fasfo da biza da kwantiragi a gida.

In an riga an shiga matsala

A Saudiyya, wanda kafili ya hana albashi ko ya riƙe masa fasfo, kada ya fara da guduwa, domin gudun ne yake ba kafili hujjar hurub. Ya kai ƙara ofishin ƙwadago, ko ya kira lamba 19911. Ana fara zaman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata. Wanda takardarsa ta mutu ko fasfonsa ya ɓata, ya nemi ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad ko ƙaramin ofishi a Jidda, su suke ba da takardar komawa gida ta gaggawa. 'Yan uwa a nan za su iya kai kuka ga Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Waje, ko ofishin ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Rano, Bunkure da Kibiya, tare da cikakken suna da lambar fasfo da wurin da ake tsare da mutum. In kuma wani ya bugo waya ya ce a turo kuɗi zai fito da shi, kada a tura ko sisi sai an ji ta bakin ofishin jakadanci.