Amsoshin Takardunku: Ƙwan Fitila Ɗaya, Bahon Kifi Biyar

Wani mai sauraronmu daga Kalgo ta Jihar Kebbi ya aiko mana da takarda, ya ce yana renon 'ya'yan tarwaɗa cikin bahon roba guda biyar da ya jera a zaurensa, ya rataya masu ƙwan sola ɗaya a tsakiya. Bahon da ke ƙarƙashin ƙwan ruwansa ya yi kore, kifayen ciki suna cinye junansu, na gefe kuwa lafiya lau. Ya ce ko mene ne dalili? Wani kuma daga Gwandu tambayarsa ita ce, in ya ƙara baho, hasken da sauran ke samu zai ragu?

To, bari mu fara da na Gwandu, don tasa gajeruwa ce. A'a malam, ba zai ragu ba. Haske ba fura ba ce da za a ce in masu sha sun ƙaru rabon kowa ya ragu. Hasken da sabon bahon zai samu, da can ma a ƙasa yake zuba a banza. Sai fa in sabon ya tare wa wani, ya yi masa inuwa.

Mai tambaya na Kalgo, abin da ke raba haske shi ne nisa. Tun a shekarar 1604 wani masanin taurari ɗan ƙasar Jamus, Johannes Kepler, ya bayyana cewa in nisa ya ninka sau biyu, haske ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ga kuma wani abu: bahon gefe a karkace hasken ke faɗa masa, kamar ranar hantsi, na tsakiya kuwa kamar ranar tsaka.

Mu ƙaddara ƙwan naka kamu ɗaya yake bisa ruwa, wato wajen rabin mita, kuma daga tsakiyar wannan baho zuwa tsakiyar wancan kamu ɗaya ne. In na tsakiya ya samu kashi 100, biyun da ke maƙwabtaka da shi za su samu wajen 35, na ƙarshen nan biyu kuwa 9 kacal. Ka ji fa, fitila ɗaya, zaure ɗaya, amma wani ya ninka wani fiye da sau goma. Yanzu ɗaga ƙwan ya koma kamu biyu. Na tsakiya zai sauko 25, maƙwabtansa 18, na ƙarshe suna nan a 9 ɗinsu, ba su yi asarar komai ba. Wannan lissafi na ƙwan da ke watsa haske ko'ina ne. Irin na sola da ke harba haske ƙasa, bambancin ya fi haka.

Amma ni a ganina, malam, ba ƙarancin haske ke damun kifinka ba, yawansa ne. Tarwaɗa kifin duhu ce. Tambayi kowane masunci a Argungu ko Yawuri, zai gaya maka da dare ta fi yawo, kuma da gashin bakinta take laluben abinci, ba da ido ba. 'Ya'yanta in haske ya yi masu yawa sai su kasa natsuwa, su yi ta kai da kawowa suna cizon juna, babba ya haɗiye ƙarami. Koren ruwan nan kuma gansakuka ce, haske ke raya ta, in an kashe fitila sai ta shiga shan iskar da kifi ke numfashi da ita. Da gargaza kake reno da sai mu ce bar masu hasken, don ita da ido take kiwo.

Saboda haka ɗaga ƙwan sama, ka rufe rabin kowane baho da tabarma ko buhu, kada ka kunna sai lokacin ba da abinci da sauya ruwa. Kuma duk bayan 'yan kwanaki ka tsame waɗanda suka fi 'yan'uwansu girma ka ware masu bahonsu, don ko cikin duhu ba su da amana.

In kuwa don ɗumi ka sa fitilar, saboda sanyin hunturu, to ƙwan sola ba ya ba da zafin kirki. 'Ya'yan tarwaɗa sun fi son ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30. Gara ka toshe tagogin zauren da dare, ka ɗora bahunan kan katako ko buhun ƙaiƙayi, kada sanyin daɓe ya riƙa ratsa su.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Allah ya ba da sa'a.