MALAMIN GONA DA MANOMAN ƘASAR MUBI

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Kogin Yedzeram ya ratsa ƙasar. Fali da Gude da Njanyi da Margi da Fulani da Hausawa da sauran jama'ar da ke zaune a wurin, yawancinsu da noma da kiwo suke rayuwa. Suna noman dawa da masara da gyaɗa da wake da shinkafa, kasuwar shanun Mubi kuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Damina takan fara wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba, watau manomi yana da dama guda ce a shekara. Wanda ya yi kuskure a shuka, sai ya jira baɗi. Saboda haka ne Gwamnati ta tanadi malaman gona.

Wane ne malamin gona?

Malamin gona ma'aikaci ne wanda aka horar domin ya kai wa manoma sakamakon binciken masana, ya kuma ɗauko matsalolin manoma ya mayar wa masana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Zariya, tana fitar da ingantaccen irin dawa da masara da gyaɗa da wake. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, a Maiduguri, tana aiki kan gero da alkama. Amma iri mai kyau ba ya amfanar kowa muddin yana ajiye a ɗakin bincike. Malamin gona ne ke kai shi ƙauye, ya nuna yadda ake shuka shi.

Yadda aikin ya faro

Ƙasar Mubi ta shigo Nijeriya a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Ta kasance cikin Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Adamawa a 1991. A cikin waɗannan shekaru Gwamnatin Tarayya ta fito da shirye-shirye da dama. Bayan farin da aka yi a 1973, an buɗe shirin raya aikin gona a Funtua da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. A 1976 aka ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, a 1980 kuma shirin Juyin Noma na zamanin Shugaba Shehu Shagari. Daga bisani kowace jiha ta sami nata shirin raya aikin gona, aka raba jiha shiyya-shiyya, Mubi ta zama hedkwatar shiyya guda a Adamawa. A 2014 'yan Boko Haram sun mamaye garin na ɗan lokaci, manoma da yawa suka bar amfaninsu a gona. Da jama'a suka dawo, bukatar iri da shawara ta ƙaru ƙwarai.

Gani ya kori ji

Ba a bukatar manomi ya karɓi maganar malamin gona ido rufe. Hanyar da ta fi dacewa ita ce gonar gwaji. Manomi ya ware ɗan yanki a gonarsa, ya bi sabuwar shawara a wurin, ya noma sauran kamar yadda ya saba. Da kaka sai a auna amfanin kowane ɓangare a gaban maƙwabta. In sabuwar hanya ta fi, kowa ya gani da idonsa. In ba ta fi ba, asarar kaɗan ce, malami kuma ya sami labarin da zai kai gaba.

Shi ma malamin gona ya kamata ya tuna cewa manomi ba jahilin sana'arsa ba ne. Mutanen duwatsun Mandara sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a gangare domin tare ƙasa da ruwa. Irin wannan hikima tana cikin dalilan da suka sa aka shigar da Sukur, ta ƙasar Madagali, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Abubuwan da ya kamata a tambaya

Na ɗaya, wuta-wuta. Wannan ciyawa tana manne wa saiwar dawa da masara tana tsotse abincinsu, ta fi kuma yawa a gonar da ta gaji. A tumɓuke ta tun ba ta zubar da 'ya'ya ba, a riƙa juya shuka da gyaɗa ko waken suya, a kuma nemi irin da ke jure mata.

Na biyu, takin zamani. Wanda ya watsa taki a kan ƙasa ya ba rana da ruwa rabonsu. A tona rami kaɗan nesa da gindin shuka, a zuba, a rufe. Ga masara, akan sa na farko cikin mako biyu da shuka, a sa Yuriya wajen mako na biyar ko na shida. Takin gargajiya kuma bai kamata a yi watsi da shi ba.

Na uku, tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Tana ɓuya a tsakiyar ganye. A riƙa zagaya gona kowane mako, domin tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta.

Na huɗu, ajiya. Zuba maganin feshi a cikin wake haɗari ne ga iyali da duk wanda ya saya. Akwai buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shigar da iska. In wake ya bushe sarai aka ɗaure shi da kyau, ƙwari za su mutu ba tare da guba ba.

Karatu abokin noma

Tun zamanin Yaƙi da Jahilci aka gane cewa manomin da ya iya karatu ya fi amfana da shawara. Shi ne zai karanta adadin maganin da za a zuba a tankin feshi, da ranar da maganin ke lalacewa, ya kuma rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Don haka ake kira ga magidanta su shiga ajin karatun manya, su kuma bar matansu su shiga, tun da mata ne ke riƙe da sarrafa gyaɗa da kiwon ƙananan dabbobi da kaji.

Kira ga jama'a

Malaman gona ba su da yawa in aka kwatanta da yawan manoma, ba kuma zai yiwu su bi gida-gida ba. Manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su sanar da mai unguwa ko dagaci, su je sashen gona na ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa ko ta Kudu su nemi a sa musu ranar ziyara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, tun ba a sayi iri da taki ba. Wanda ya bari sai ganye ya yi rawaya, ya bar gyara ya koma lissafin asara. Rigakafi ya fi magani.