Daga Sheda Zuwa Allon Ajinku: Aikin Shugaban Makaranta da Ba Ku Gani

Ina aji shida na sakandare, saura mako uku mu fara jarrabawar WAEC, na ɗauko tsofaffin takardun tambayoyi na Bayoloji don in gwada kaina. Nan take gabana ya faɗi. Kusan kowace shekara akwai tambaya a kan yadda 'ya'ya ke gado daga iyaye, mu kuwa ko shafin ba mu buɗe ba. Malaminmu ba rago ba ne. Darasi biyu kacal aka ba shi a mako, ɗaya kuma ranar Alhamis bayan tara, lokacin da da yawa daga cikinmu sun zame zuwa kasuwar Maigatari. Sai da na shiga jami'a na gane cewa a kan takardar jadawali matsalar ta fara, tun kafin a buɗe makaranta.

Ƙannena, littafin da kuke karantawa da darasin da ake rubuta muku a allo duk suna bin wani kundi da ake kira manhaja. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988 mai hedikwata a Sheda kusa da Abuja, ita ke rubuta manhajar firamare da sakandare ta ƙasa baki ɗaya. Abin da aka tsara wa ɗalibin Legas shi aka tsara wa na Sule Tankarkar, kuma a kansa WAEC da NECO ke gina tambayoyinsu. Sai dai hukumar ba ta san malaman Lissafi nawa ne a makarantarku ba, ba ta san ko ɗakin gwaje-gwajenku na da kaya ba. Wanda ya sani shi ne shugaban makaranta, wanda muka fi kira firinsifal.

Yawancinmu a wurin taron safe kawai muke ganinsa, ko in an kai mu ƙara. Babban aikinsa kuwa a ofis yake. Kafin zango ya fara, yana zama da mataimakinsa mai kula da karatu da shugabannin sassa, su rarraba manhajar shekara zuwa zango uku, kowane zango zuwa makonni. Su ne ke yanke wane malami zai ɗauki wane aji, da darasi nawa kowane fanni zai samu. Bayan an fara karatu, shi ke duba tsarin darasin malamai da littafin da suke rubuta abin da suka koyar kowane mako, ya kwatanta da littattafan ɗalibai. In an yi baya, da wuri ya kamata ya gano, ya sa darasin yamma ko na Asabar.

Shugaba nagari yana kuma duba garin da yake. A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, zangon farko yana faɗawa daidai lokacin kaka. Ana girbin gero da riɗi da soɓorodo, iyaye na buƙatar hannu a gona. Wanda ya san haka ba zai jibga gwaji mai muhimmanci a makon da aka fi fashi ba, kuma zai nemi ƙungiyar iyaye da malamai da masu unguwanni su yi magana tun kafin lokacin. Haka batun ranar kasuwa: da an mayar da Bayolojinmu safiyar Talata, da labarin ya bambanta.

Inda zaɓinsa ya fi fitowa fili shi ne darasin sana'a. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta zo da sana'o'i 34, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabon tsari da ya rage yawan darussa, aka bar sana'o'i shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Babu makarantar da za ta iya koyar da duka yadda ya kamata. Shugaba ne zai auna malaman da yake da su da kayan aiki da abin da garin ke nema. Makarantar da ke kusa da kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda fatake ke zuwa har daga Nijar, tana da dalilin ɗaukar kiwo. Ta Gagarawa, ƙasar riɗi, noma ya fi kusa da ita. In aka zaɓi gyaran kwamfuta alhali babu kwamfuta ko ɗaya, ɗalibi zai haddace sunayen sassan da bai taɓa riƙewa ba.

To, ku mene ne naku? A makon farko ku roƙi malami ya rubuta muku batutuwan zangon a allo, ku kwafa a shafin farko na littafinku. Duk wanda aka gama, ku yi masa alama. In mako na shida ya zo kuna kan batu na uku, monita ya sami malamin cikin ladabi ya ce: "Malam, mun ga an yi baya, ko akwai yadda za mu cike?" In bai yiwu ba, shugaban ɗalibai ya kai maganar ga mataimakin shugaban makaranta. 'Yan aji biyar da shida kuma ku nemi manhajar WAEC da NECO tun yanzu, ku ajiye kusa da jerin naku.

Ni ban yi haka ba, sai da na kwana uku ina haddar abin da ya kamata a koya mini a mako huɗu. Da sanyin safiya ake kama fara. Gobe in kun shiga aji, ku duba jadawalin da ke manne a bango, ku ƙirga darasi nawa kowane fanni ya samu a mako.