Guzirin Matafiyi: Yadda Ake Riƙe Kuɗi da Kashe Su a Ƙasar Waje

Kuɗin da matafiyi ke fita da su ƙasar waje hanya uku suke bi: tsaba a jiki, katin banki, ko aike ta hannun wani. A yankin Funtuwa da Malumfashi, har zuwa Bakori, Ƙafur, Danja da Dandume, yawancin masu ƙetare iyaka maniyyata ne na Hajji da Umara, sai fatake masu shiga Nijar, sai ɗalibai da masu neman magani a Masar ko Indiya. Kuɗin mafi yawansu daga gona suke fitowa, wato masara, waken suya, auduga da shanun kiwo da aka sayar bayan kaka. Wannan ya sa lokacin sayar da amfani da lokacin sayen kuɗin waje ba safai suke haɗuwa ba, kuma a tsakanin nan ne asara ke fara shiga.

A tsakiyar 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira ga kasuwa. Dalar da ake samu a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 cikin watan Fabrairun 2024. A watan Maris na shekarar, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya kuɗin kujera su yi cikon kusan naira miliyan 1.9. Manomin da ya sayar da masararsa tun Disamba ya ɗauka ya gama, sai ga shi yana neman abin da zai ƙara sayarwa. Wanda ya bar hatsinsa a rumbu ya fi samun sauƙi a shekarar, don farashin hatsi ya bi dala ya hau, amma ba kowace shekara ce haka ba. Akwai shekarar da masara ke faɗuwa bayan an ɓoye ta. Mai niyyar tafiya dai ya fi kwanciyar hankali idan ya riƙa sayen kuɗin waje kaɗan-kaɗan, maimakon jiran makon tashi.

Tambayar farko ita ce wane kuɗi ake kashewa a ƙasar da za a je, kuma sau nawa za a yi canji kafin a kai gare shi, domin kowane canji da ladar da ɗan canji ke yanka. Saudiyya ta ɗaure riyal ɗinta da dala tun 1986, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, saboda haka mai dala ya san abin da ke hannunsa tun kafin ya tashi. Dala 500, wadda ita ce guzirin da aka tsayar wa alhazan Najeriya a 2024 da 2025, ta kama riyal 1,875, ƙasa kaɗan idan an cire ladar canji. In aka raba wa kwana talatin, riyal sittin da 'yan kai ke nan a yini. Naira kuwa ba a zuwa da ita Makka da niyyar canzawa. Ana samun masu karɓa, amma a farashin da suka ga dama.

Tsabar dala ita ce ta fi jawo wa baƙon tafiya kuka. Takardun dala duk girmansu ɗaya, launinsu kuma ya yi kusa da juna, ba kamar naira ba da ake gane ɗari biyar da dubu tun daga nesa. Dattijon da bai saba da ita ba yakan miƙa guzirinsa ga wani mai fara'a da ya ce zai taimaka ya canzo masa, mutumin ya ƙirga, ya ce farashin yau bai yi kyau ba, ya mayar masa da takardu biyar cif. Sai an je shagon canji a gane dala ɗai-ɗai ce guda biyar aka ba shi a madadin ɗari-ɗari. Maganin abin mai sauƙi ne: kafin a bar gida a zaunar da maniyyaci a nuna masa lambar 100 a kusurwoyin takardar, da shuɗin zaren da ya ratsa sabuwar ɗari wadda aka fitar a 2013. Tsohuwar takarda, wadda 'yan canji na Wapa a Kano ke kira mai ƙaramin kai, da wadda ta yage ko aka yi wa rubutu, sau da yawa ana ƙin karɓarsu a waje ko a rage musu daraja. A shagon canji mai lasisi ake canji, a ƙirga a gaban mai shago, kuma ba a canza guziri duka rana ɗaya.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Mai harami ba shi da aljihu, shi ya sa ake amfani da ɗamara mai zif, wadda malamai suka halatta ɗaurawa don tsare guziri. Mata sun daɗe da lalita da aljihun ciki. Kuɗin yini kaɗai ake fita da su zuwa ɗawafi ko jifa, inda cunkoso ya fi yawa, saura a kulle a masauki, kuma ba a haɗa kuɗi da takardun shaida a jaka guda.

Kati yana da nasa amfanin: in ya ɓata ana toshe shi, kuɗin na nan. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su daina biyan kuɗin guzirin tafiya da tsaba, sai ta kati ko wata hanyar lantarki. Da aka zo aikin Hajjin 2025 an yi ta kai ruwa rana a kan haka, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki aka amince a ba alhazai tsaba. Hujjar masu neman tsabar ba ta rasa tushe ba, don alhazai da yawa mutanen karkara ne da ba su taɓa cire kuɗi da kansu a na'ura ba, kuma wanda zai ba baƙo katinsa da lambar sirri ya cire masa, gara ma a ce tsabar ya riƙe.

Wanda ya iya kati kuwa, sai ya san wane iri ke hannunsa. Katin naira ya daina aiki a ƙasashen waje a yawancin bankuna tun wajen 2022, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi da iyakar abin da za a kashe. Katin asusun dala bai shiga wannan matsalar ba. Ana zuwa reshen banki kafin tafiya a tambayi iyakar, da ladar cirewa, a kuma tabbatar layin wayar da ke karɓar saƙon banki zai yi aiki a can. Yawanci ana cajin lada a kan kowace cirewa a na'ura, don haka cirewa ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana araha. Idan na'urar kanti ta tambaya ko a cire da riyal ko da wani kuɗi, riyal ake zaɓa, domin farashin canjin da na'urar ke bayarwa ya fi na banki tsada.

Hanya ta uku, wato aike ta hannun wani, tsohuwa ce. A zuba naira a asusun wani ɗan kasuwa a gida, wakilinsa ya ba da riyal a Makka ko fam a Alƙahira. Tana da sauri, kuma ita ke ceton alhajin da guzirinsa ya ƙare a wajen tsaraba. Sai dai amana ce kawai ke riƙe da ita. In aka musanta, babu takardar da za a kai gaban hukuma.

Tafiyar Nijar lissafinta daban ne. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, kuma falken da ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi kai tsaye yake canza naira zuwa sefa, ba ya biyawa ta dala. Abin da ke rikita sabon zuwa shi ne ƙirga. A bakin mutumin Maraɗi, dala ba kuɗin Amurka ba ce, sefa biyar ce, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari kuma 500. Jika sefa 1,000 ce, alhali jaka a kasuwar Funtuwa naira 200 take nufi. Mai ciniki yakan nemi a rubuta masa adadin a waya kafin ya ce ya saya.

Akwai kuma doka a bakin iyaka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shiga Najeriya da tsabar da ta haura dala 10,000, ko kwatankwacinta, ya bayyana wa jami'an kwastan. Bayyanawar ba haraji ba ce, ba a cire ko sisi, amma wanda ya ɓoye aka kama shi yana iya rasa kuɗin, ya kuma fuskanci shari'a. Saudiyya ma tana da nata adadin, kuma tana haɗa zinare da kayan ƙawa masu tsada cikin lissafin, abin da ya shafi mata masu sayo sarƙa da awarwaro a kasuwannin Makka da Madina. Rasidin sayen zinaren ake ajiyewa tare da fasfo har a iso filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina.