RENON YARAN DA TASHIN HANKALI YA FIRGITA: JAWABI GA MASU AIKIN SA KAI A GIDAJEN MARAYU NA IKKILISIYA

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, yara masu ɗimbin yawa daga jihohin Borno da Yobe da Adamawa sun rasa iyayensu, ko kuwa sun rabu da su a garin gudu. Ikkilisiyoyi sun karɓi waɗansu daga cikinsu, har akwai 'yan Gwoza da aka kai Uhogua, kusa da birnin Benin a Jihar Edo. Galibin masu renonsu 'yan sa kai ne, watau matan zumunta da matasa da malaman makaranta waɗanda ba albashi ya kawo su ba. Aikinsu abin yabo ne. Amma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta warkar da yaron da aka kashe ubansa a gaban idonsa.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka yaron nan yake. Ƙarar babur ko bugun ƙofa na iya sa shi ya shige ƙarƙashin gado, domin jikinsa bai yarda cewa hatsari ya wuce ba. Wani yakan koma fitsarin kwance yana ɗan shekara 10. Wani ya daina magana ɗungum. Wani ya riƙa ɓoye tuwo a cikin rigarsa ko da ya ƙoshi, saboda ya san yunwar daji. Akwai kuma mai faɗa da kowa. Ba rashin kunya ba ne, ba kuwa maita ko aljanu ba. Duk wanda ya ɗauki bulala, ko ya sa yaron azumi, ko ya tsai da shi a tsakiyar taro ana ihu a kansa da sunan fitar da iska, ya ƙara wa ciwon gishiri ne kawai. Addu'ar da ke amfanar irin wannan yaro ita ce wadda aka yi a natse, cikin murya mai taushi.

Babban maganin kuwa shi ne fuska guda wadda ba ta canjawa. Lalle ne kowane yaro ya san wadda za ta tashe shi da safe, ya kuma tabbata ita ce zai gani da dare. Lokacin abinci da na makaranta da na barci su zauna daram, gama abin da yaro ya san zai faru ba ya razana shi. A nan ne baƙi masu zuwa na mako biyu suke ɓarna ba da saninsu ba. Yaro ya saba da su, ya fara kiransu Mama, sai su ɗauki jaka su tafi, shi kuwa a wurinsa an sake yin rashi ke nan. Wanda ba zai daɗe ba, ya fi kyau ya taimaka a madafa ko gona ko gyaran gini, ya bar reno ga masu zama.

Kada a matsa wa yaro ya faɗi abin da ya gani. In ya fara da kansa, ko ta zane ko ta wasa, a saurare shi, kada a katse shi da cewa ya manta. Sa shi ya ba da labarin mutuwar iyayensa a gaban masu kawo gudummawa, ana ɗaukar hotonsa, cin mutunci ne komai yawan kuɗin da za a samu.

Nijeriya ta taɓa ganin irin wannan. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an kwashi dubban yara ta jirgin sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa da Sao Tome, ƙungiyoyin ikkilisiya na cikin waɗanda suka yi aikin. Da aka komo da su, gano dangin waɗansu ya yi wuya, domin sun tafi suna ƙanana, ba su riƙe sunan garinsu ba. Saboda haka ranar da yaro ya iso, a rubuta sunansa na yanka da garinsu da harshensa da duk wani dangi da ya tuna. Kada a sake masa suna, kada a raba shi da 'yan'uwansa. Ƙungiyar Agaji ta Red Cross tana aikin neman dangin da suka ɓace, sai a kai mata bayanin. Gidan marayu masauki ne. In an sami kaka ko kawu mai iya riƙo, can ya fi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta bukaci a kula da addini da harshe da al'adun yaron da ake reno a wajen gidansu. Idan ɗan Musulmi ya faɗo hannun gidan Kirista, amana ce, a bar shi da sallarsa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta sa amfanin yaro gaba da komai. Wajibi ne kowane gida ya yi rajista da ma'aikatar jiha mai kula da harkokin mata da jin daɗin jama'a, a kuma binciki halin duk mai son aiki da yara kafin a ba shi ɗaki.

Yaron da ya ƙi abinci kwana da kwanaki, ko yake ji wa kansa ciwo, ko yake zancen mutuwa, ya wuce ƙarfin mai reno. A kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Yaba da Aro ta Abeokuta.