Zumunta a Ƙafa Take: Zaman Tare da Kwanciyar Hankali a Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. Sai dai a mafi yawan lokuta idan aka ambaci lafiya, hankalinmu yakan tafi ne ga zazzaɓi da ciwon ciki da makamantansu, mu manta cewa zuciya ma tana da tata lafiyar da nata ciwon. Bahaushe bai jahilci wannan ba, domin yana da kalmomi irin su damuwa da ƙunci da zullumi da kaɗaici, kuma yana da kishiyoyinsu, wato natsuwa da walwala da kwanciyar hankali. Manufar wannan maƙala ita ce a duba inda kwanciyar hankalin nan ta fi samuwa, tsakanin kayan da mutum ya tara da hidimomin da yake fama da su shi kaɗai, da kuma lokacin da ya keɓe domin zama da jama'a. Za mu ɗauki ƙasar Yawuri a matsayin misali, saboda mutanenta sun taɓa shiga wata jarrabawa wadda ta sa aka ga bambancin abubuwan nan biyu a fili.

Ƙasar Yawuri da Jama'arta

Masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kabi, a bakin Kogin Kwara, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, wato Yawuri da Ngaski da Shanga. Fadar Sarki tana Yalwa, amma tsohon birnin sarauta shi ne Birnin Yawuri. Ƙasa ce ta ƙabilu masu yawa. Akwai Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, kuma Hausawa suka raɗa musu wannan suna saboda zamansu a gungu, wato tsibiran da ke tsakiyar kogi. Akwai Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa, ga kuma Sarkawa masunta da Fulani makiyaya da su kansu Yawurawa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazarin tarihin wannan masarauta a ƙarni na 19, kuma a littafinsa na 1978 ya bayyana yadda Hausa da Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma ta hanyar ciniki da cuɗanya. Ƙasar da ta tara jama'a iri-iri haka ba ta zaunuwa sai da hanyoyin haɗa mutane, kuma magabata sun tanadi waɗannan hanyoyi.

Yadda Magabata Suka Mai da Aiki Taro

Abin da ya kamata mai karatu ya fara lura da shi shi ne, mutanen da ba su raba aiki da zumunci ba. Wahalar aiki a wancan zamani ta fi ta yau nesa ba kusa ba, domin babu injin niƙa, babu famfo, babu tarakta. Dabarar da suka yi ita ce hana mutum ɗaukar wahalar shi kaɗai. Idan noma ya yi wa magidanci yawa sai ya kira gayya, a dafa abinci, a dama fura, makaɗi ya zo da gangarsa, samari su jeru su nome gonar a wuni ɗaya. Idan za a yi wa amarya ɗaki sai mata su taru su yi daɓe, suna bugun ƙasa suna waƙa suna zolayar juna. Haka sussuka da daka, inda 'yanmata kan yi luguden taɓare a turmi ɗaya. A wajen Dukkawa kuwa, noman da saurayi yake yi wa surukinsa na tsawon shekaru kafin a ba shi mata, ba shi kaɗai yake yin sa ba, tare da tsararrakinsa yake zuwa, gobe shi ma ya je wa wani.

A cikin ruwa ma haka abin yake. Babban jirgi ba ya tuƙuwa da hannu ɗaya, taru ba ya jawuwa sai da mutane. Daga wannan rayuwa ta kogi aka sami bikin Rigata na Yawuri, inda ake tseren jirage da ninƙaya, jama'a su cika bakin ruwa maƙil. Bayan kaka kuma sai kokawa. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu a kan kokawar Gungawa, ya nuna cewa tana cikin abubuwan da suke sanin kansu da su a tsakanin maƙwabtansu.

Amfanin gayya bai tsaya ga gonar da aka nome ba. A nan ake jin wane ba shi da lafiya, wance ta yi yaji, wane bashi ya kama shi. Wanda ya zo da damuwa yakan sami wanda zai faɗa wa, wanda kuma bai zo ba a tambayi dalili, a bi shi har gida. Wato ke nan taron aiki shi ne wurin da jama'a suke duba lafiyar zukatan junansu, ko da yake ba su kira shi da wannan suna ba.

Darasin Tashin Gungu

A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968, kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da aka datse ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya kai har yankin Yalwa. Ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye gungaye da fadamun da Gungawa suka shahara da noman albasa a cikinsu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga mazauninsu, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu.

Idan da kaya ake auna zaman lafiya, to ana iya cewa mutanen nan riba suka ci, domin sun bar ɗakunan laka da jinka sun shiga na bulo da siminti. Amma akwai abubuwan da ma'aikacin biyan diyya ba ya iya rubutawa a takarda. Yana iya ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwa, ba ya iya ƙirga inuwar da dattawa suka saba zama, ko mashayar da mata ke haɗuwa da hantsi, ko filin kokawa, ko maƙabartar iyaye da kakanni. Maƙwabcin da a da ake kira da murya, yanzu wataƙila sai an yi tafiya kafin a gan shi. Shi kansa tsarin gidan ya zama abin gyara, shi ya sa aka sami masu ƙara gina ɗakunan laka irin nasu a gefen na siminti, domin gida ya koma yadda iyali suka saba zama a cikinsa.

Wannan bai keɓanta ga Kainji ba. Masana biyu, Elizabeth Colson da Thayer Scudder, sun fara bin diddigin ƙabilar Tonga tun 1956, lokacin da ake shirin tayar da kimanin mutum 57,000 saboda madatsar Kariba a Kogin Zambezi. Sun nuna cewa tashin dole yakan taɓa mutum ta fuska uku: jikinsa, da tunaninsa, da kuma zamantakewarsa. Sun kuma lura cewa alamar farfaɗowar jama'a ita ce ranar da suka koma yin bukukuwansu da al'adunsu a sabon wuri. Gini yakan tashi cikin watanni, amma gari ba ya zama gari sai an yi suna da aure da jana'iza a cikinsa.

Abin da Bincike Ya Nuna

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan batu. Tun 1971 Philip Brickman da Donald Campbell suka yi bayanin cewa mutum yana saurin sabawa da abin da ya samu. Sabon babur ko sabuwar waya sukan faranta rai na ɗan lokaci, daga nan su zama kamar kowane kaya, ido ya koma kan wanda ya fi su. A 2003 Leaf Van Boven da Thomas Gilovich suka tambayi mutane game da kuɗin da suka kashe, sai suka tarar waɗanda suka tuna wata tafiya ko wani taro sun fi nuna farin ciki bisa waɗanda suka tuna kayan da suka saya. Bayan shekara goma, a 2013, Peter Caprariello da Harry Reis suka ƙara haske, inda suka nuna cewa sirrin yana ga tarayya: abin da mutum ya yi shi kaɗai bai fi sayen kaya wani tasiri ba, wanda ya yi tare da wasu shi ne ya yi fice.

Game da hidimomin gida kuwa, a 2017 Ashley Whillans da abokan aikinta sun bincika fiye da mutum 6,000 a Amurka da Kanada da Denmark da Holan, suka ga waɗanda suke kashe kuɗi domin rage wa kansu aikin da ke cinye musu lokaci sun fi gamsuwa da rayuwarsu. Haka kuma binciken Jami'ar Harvard wanda aka fara a 1938, aka bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufansu, ya nuna cewa kyawun dangantakar mutum da iyali da abokai yana cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda lafiyarsa da walwalarsa za su kasance idan girma ya zo.

Wani yana iya cewa ai wannan duk zancen Turawa ne masu ƙoshi. To, a nan gida Nijeriya, a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda ake saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kusa da asibiti, kowane tare da ɗan'uwansa, suna shan magani suna kuma cuɗanya da mutane. Tsarin ya yi suna a duniya. Bugu da ƙari, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta bisa masu arziki.

Inda Gizo ke Saƙa

Ba manufarmu ba ce mu ce dukiya ba ta da amfani. Wanda bai ci ba, ko ɗansa yake kwance babu kuɗin magani, hira ba za ta kwantar masa da hankali ba. Masunci yana bukatar jirgi da koma, manomi yana bukatar taki. Haka nan wanda ciwon damuwa ya kama sosai, har ya daina barci ko cin abinci, ko yake tunanin hallaka kansa, asibiti ya kamata a kai shi, zumunci ya zama mataimakin magani. Maganarmu tana kan abin da ya ragu bayan an biya bukata, na kuɗi ko na lokaci, ina ya fi dacewa a sa shi.

Abubuwa uku ne suke yi wa zaman tare barazana a yau. Na farko, aikin ya sauƙaƙa amma ya koma na mutum ɗaya. Injin niƙa ya hutar da mata, wannan alheri ne, sai dai ya tafi da taron daka, kuma noman ƙodago ya maye gurbin gayya a wurare da dama. Lokacin da aka samu rara bai koma ga ziyara ba, ya tafi ga wata hidimar ko ga kallon waya. Na biyu, shi kansa bikin ya zama gasar kaya. Uwa takan shekara tana adashi da cin bashi saboda kayan ɗaki da anko, ranar biki ta zo ba ta da sukunin gaisawa da baƙinta, bayan an watse kuma masu bin bashi su hana ta barci. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na uku shi ne rashin tsaro. Harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, inda aka sace ɗalibai da malamai, da hare-haren da suka tayar da ƙauyuka a wannan yanki, sun sanya tsoro a zukata, kuma tsoro yana hana hirar dare da tafiyar zumunci. Ɗan gudun hijira yana bukatar hatsi da tabarma, yana kuma bukatar a zauna da shi, a kira shi suna da biki, kada ya ji ya zama bare.

Kammalawa

A taƙaice mun ga cewa magabatan ƙasar Yawuri sun haɗa aiki da zumunci a wuri ɗaya, mun ga abin da tashin gungu ya koyar game da asarar da diyya ba ta biya, mun kuma ga binciken masana ya zo daidai da abin da Bahaushe ya daɗe da faɗi, cewa mutum rahama ne. Shawarar da za a bayar ba mai tsada ba ce. Aikin da za a iya yi tare, kamar girbi da gyaran jirgi da yasar rijiya, a kira mutane a yi shi tare. Aikin da zai iya jira gobe, kada ya hana zuwa barka ko gaisuwar mutuwa yau. A rage akwatin lefe ɗaya a yi kuɗin mota da shi a je Wara ko Shanga a gano tsohuwar da aka kwana biyu ba a gani ba. Mu kuma ɗalibai, idan an yi hutu, mu ajiye waya mu zauna da dattawan da suka ga gungu kafin ruwa ya rufe shi, domin sun fara ƙaranci, kuma hirar za ta amfane mu ta amfane su. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.